Ƙari a gaban mace: a duba kafin a taɓa

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani ciwo da ba a cika faɗinsa cikin jama'a ba. Shi ne ƙari, ko ƙullutu, ko tsiro da ke fitowa a gaban mace. Mun san magana ce mai nauyi a baki. Amma in muka yi shiru, wanzami da mai tallar magani a kasuwa su ne za su yi ta a madadinmu. Don haka muna neman gafarar iyayenmu mata. Za mu kira kowane abu da sunansa, kamar yadda ake yi a ɗakin likita.

Ga abin da muke so kowa ya tashi da shi. Ƙari iri-iri ne, amma a ido kusan kamarsu ɗaya. Wani ruwa ne kawai ya taru. Wani mugunya ce. Wani ma ba ƙari ba ne, mafitsara ce ko mahaifa ta zazzago. Wani kuma ciwon daji ne. Ba a rarrabe su sai an duba da na'ura, an kuma gwada. Saboda haka ba a yanka, ba a matsa, ba a ƙona, sai an san abin da ke ciki.

1. Wurin da muke magana a kai

Gaban mace kashi biyu ne. Akwai na waje, wanda ido ke gani: leɓɓa, da ƙofar fitsari, da ƙofar farji. Akwai na ciki, wato farji, hanyar da jinin haila da jariri ke biyowa. Tsawonsa ya kai santimita 7 zuwa 10, kamar tsawon yatsa. A ƙarshensa bakin mahaifa yake.

Farji yana da maƙwabta biyu da suke manne da shi. Ta gaba akwai mafitsara da hanyar fitsari. Ta baya akwai hanjin da ke kaiwa dubura. Bangon da ya raba su siriri ne ƙwarai. Ku riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

2. Mata biyar, kumburi ɗaya

Mu ɗauka mata biyar ne suka zo gidan likita rana ɗaya. Kowace ta ce ta ji wani abu kamar ƙwai a gabanta. A ƙauye da suna ɗaya za a kira ciwon nasu. Wasu su ce gurya, wasu su ce gishiri, wasu su ce basir. Amma ga abin da bincike ke iya nunawa.

Ta farko, jakar ruwa ce. A gefe biyu na ƙofar farji akwai ƴan ƙwayoyi biyu, kowace kamar ƙwayar wake. Su ke fitar da ruwan da ke jiƙa wurin. In hanyar ɗaya ta toshe, ruwan ya taru, sai ta kumbura. Wajen mata 2 cikin 100 suna samun wannan a rayuwarsu. In ƙwayoyin cuta suka shiga, sai ya zama maruru mai zafi, zama ma ya gagara. Akwai kuma jakar ruwa da ake haifar mace da tushenta a bangon farji, da wadda ke fitowa a kan tabon yanka ko tabon haihuwa.

Ta biyu, mafitsararta ce ta turo bangon farji, ko mahaifa ta sauko. Yawan haihuwa, da doguwar naƙuda, da ɗaukar kaya masu nauyi su ke kawo haka. Abin yana fitowa in ta yi tari ko ta ɗauki tulu, ya koma in ta kwanta.

Ta uku, ƙananan tsire-tsire ne masu kaushi. Wata ƙwayar cuta mai suna HPV ke kawo su, ana ɗaukarta ta saduwa. HPV tana da iri da yawa. Mai lamba 6 da mai lamba 11 su ke kawo tsire-tsiren nan. Mai lamba 16 da mai lamba 18 kuwa su suka fi kawo ciwon daji.

Ta huɗu, tsargiya ce. Mun saba jin tsargiya ciwon yara maza ne masu fitsarin jini. To ƙwan tsutsar yakan maƙale a farji da bakin mahaifa kuma. Sai ya kawo ƙuraje, da tsiro, da zubar jini bayan saduwa. Matan da ke wanka da wanki a tabki, da masu aikin lambu da shinkafa a bakin ruwa, su suka fi kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata da ƴan mata miliyan 56 ke da shi a Afirka. Maganin tsutsar ƙwaya ce mai suna farazikantel.

Ta biyar, ciwon daji ne, wanda wasu ke kira kansa. Na gaban mace ta waje ya fi kama dattawan mata. Yakan fara da ƙaiƙayi mai daɗewa, ko farin tabo, ko ƙurjin da ya ƙi warkewa. A shekara ta 2020 an ƙirga wajen mata 45,000 a duniya da suka kamu da shi, da wajen 18,000 da na cikin farji ya kama. Na bakin mahaifa ya fi su nesa ba kusa ba, ya wuce mata 600,000 a wannan shekara. Sau da yawa ciwon dajin da aka gani cikin farji daga bakin mahaifa ya yaɗo.

Kun gani, suna ɗaya a ƙauye, cuta biyar a asibiti. Kowace da maganinta. Mafi yawan ƙari ba na daji ba ne, wannan abin kwantar da hankali ne. Amma ido kaɗai ba ya tsame na dajin daga cikinsu.

3. Me ya sa aska take da haɗari?

Mu koma kan maƙwabtan nan biyu. In abin da ya turo mafitsara ce, wanzami ya sa aska, to mafitsara ya huda. Daga ranar fitsari ba zai ƙara tsayawa ba. Yankan gishiri yana cikin abubuwan da ke kawo yoyon fitsari a ƙasar Hausa, likitoci sun daɗe da tabbatar da haka.

In jijiyoyin jini ne suka kumbura, kamar yadda yakan faru ga mai ciki, yanka na iya kawo zubar jinin da ba ya tsayawa. In ciwon daji ne, yankan ba ya cire tushensa, sai dai ya buɗe gyambo, a ɓata watanni ana jinyar rauni, ciwon yana ci gaba ta ciki. Ga kuma aska mara tsabta, wadda ke kawo sandarewar jiki, da ciwon hanta, da sida.

Doka ma ta hana. A shekara ta 2003 Nijar ta kafa dokar hana yi wa mata kaciya da yanke-yanken al'aura. Wanda ya yi zai sha ɗauri na wata 6 zuwa shekara 3, da tarar jika 20 zuwa jika 200. In an yi rashin rai, ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ne. Cire ɗan gurya da ake yi wa jarirai mata yana cikin yanke-yanken da masana lafiya suke yaƙi da su. Abin da ake cirewa tantani ne na halitta, kowace jaririya da shi ake haifarta.

Haka nan cusa kanwa, da ganye, da garin magani. Suna ƙona fata, su bar tabo, har farji ya tsuke. Bayan haka likita ma yakan sha wuya kafin ya ga ainihin ciwon.

4. Mataki na farko: tambaya, ido da hannu

Na'ura ba ita ce farko ba. Ungozomar asibiti ko likita zai fara da tambayoyi. Yaushe abin ya fito? Yana girma? Yana zafi? Yana jini? Haihuwa nawa aka yi? Yaushe aka ga haila ta ƙarshe? An taɓa yanka ko cusa wani abu? A faɗi gaskiya duka. Ba don a yi wa kowa faɗa ake tambaya ba.

Daga nan sai a duba da fitila, a taɓa da safar hannu. Ana taɓa matsematsi kuma, a ji ko akwai kaluluwa. Don a ga ciki, ana sa wani ƙaramin ƙarfe ko roba mai kama da bakin agwagwa, ya buɗe farji a hankali. Akwai ɗan rashin daɗi, amma minti kaɗan ne. Mace tana da damar neman mace ta duba ta in akwai, ko ƴar uwarta ta tsaya kusa da ita.

Akwai wani gwaji mai sauƙi. Ana shafa ruwan binegar da aka sirka a bakin mahaifa, a jira minti 1. Wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. A manyan asibitoci ana ƙarawa da wani madubi mai fitila da ke ƙara girman abu. Sunansa kolposkop. Wani likitan Jamus mai suna Hinselman ya ƙirƙiro shi a 1925. Madubin ba ya shiga jiki, daga waje yake kallo.

Sau da yawa wannan mataki ya isa. Maruru ko tsire-tsire, gogaggen likita yana gane su nan take. Amma in ƙarin yana da zurfi, ko tauri, ko ba a san inda ya taso ba, sai a tura mace wajen hoto.

5. Eko: hoton da ake ɗauka da sauti

Wannan da yawanku sun san shi, domin shi ake yi wa masu ciki. Cikakken sunansa ekogarafi. Wani likitan haihuwa na ƙasar Sikotilan mai suna Iyan Donal shi ya nuna amfaninsa ga ciwon mata a 1958.

Yaya yake aiki? In mace ta ƙwanƙwasa randa, tana gane ko cike take ko wofi, ba tare da ta leƙa ba. Amon ne ya gaya mata. Haka na'urar take yi. Tana aika wani siririn sauti da kunnen mutum ba ya ji. Sautin ya bugi abin da ke ciki, ya komo. Na'urar ta mayar da amon ya zama hoto a allo. Ruwa yana fitowa baƙi. Tsoka tana fitowa toka-toka. Wasu na'urori suna nuna gudun jini da launin ja da shuɗi.

Ta haka eko ke amsa tambayoyi uku. Ruwa ne ko tsoka? Girmansa nawa? A ina yake zaune, kuma yana haɗe da mafitsara ko a'a? Yana kuma nuna mahaifa da ƙwan mace, a ga ko wani ƙari ne daga mahaifa ya leƙo ƙasa.

Ana yin sa ta hanya uku. Ta kan mara, bayan an shafa wani mai mai sanyi. Don wannan ana so mafitsara ta cika, sai a sha ruwa kamar lita 1, awa 1 kafin a shiga, kada a yi fitsari. Hanya ta biyu, a ɗora kan na'urar a gaba ta waje. Hanya ta uku, a sa siririyar sanda cikin farji, an lulluɓe ta da roba sabuwa. Wannan ta fi nuna abu sarai, kuma ana yin fitsari kafin a fara. Budurwa da ƙaramar yarinya, ta mara ko ta waje ake yi musu.

Ga misali ɗaya da eko ke warwarewa nan da nan. Yarinya ta isa haila, ba ta taɓa gani ba, amma kowane wata mararta na ciwo, ga kumburi a ƙofar farji. Hoton sai ya nuna jinin haila ne ya taru, domin tantanin ba shi da kafa. Ƙaramin aiki ne a asibiti, ta warke.

Eko ba ya ƙona jiki, ba ya taɓa ciki, ba ya hana haihuwa. Yana ɗaukar minti 15 zuwa 30. Ya fi sikana da IRM arha, ya fi su samuwa kusa.

6. Radiyo da sikana

Radiyo shi ne hoton da ake yi wa mai karaya. Wani masani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano haskensa a 1895. Yana nuna ƙashi da huhu da kyau, amma ba ya nuna taushin nama na gaban mace. In likita ya sa a yi wa mai ƙari radiyon ƙirji, yana so ne ya ga ko ciwon ya kai huhu.

Sikana da irin wannan haske take aiki, amma ta fi ƙarfi. An fara gwada ta a kan mara lafiya a Landan a 1971. A takardar likita za ku iya ganin haruffa uku: TDM. Mace tana kwanciya a kan gado, gadon ya shiga wani babban zobe. Na'urar tana ɗaukar hoto yanki-yanki, kamar yadda ake yayyanka kuɓewa a ga cikin kowane yanki. Babu abin da ake yankawa a jiki, hoto ne kawai. Minti kaɗan an gama.

Wani lokaci ana yin allura a jijiya, don hoton ya fito sarai. Takan sa a ji ɗumi a jiki na ɗan lokaci. Amfanin sikana shi ne ta duba nesa: kaluluwar ciki, da hanta, da huhu, da ƙoda. Mai ciki, ko mai zaton tana da ciki, dole ta faɗa kafin a fara, domin wannan haske ba shi da kyau ga ɗan tayi. Mai ciwon ƙoda, da wadda irin wannan allura ta taɓa yi wa illa, su ma su faɗa.

7. IRM: hoton maganaɗisu

Ku koyi haruffan nan uku: I, R, M. Ita ce na'urar da ta fi kowace nuna naman gaban mace dalla-dalla. Da maganaɗisu take aiki, wato mayen ƙarfe, babu hasken radiyo cikinta. Tana nuna zurfin ƙari, da iyakarsa. Tana nuna ko ya taɓa mafitsara, ko hanyar fitsari, ko hanji. Manomin da zai tuge kututture yana so ya san inda saiwa ta bi. Haka likitan fiɗa yake so ya san iyakar ƙari kafin ya ɗauki wuƙa.

Mace tana kwanciya cikin wani dogon bututu mai buɗe ta gaba da baya. Aikin yana ɗaukar minti 30 zuwa 45. Na'urar tana ƙara kamar injin niƙa, don haka ake toshe kunne. Ba ta zafi. Abin da ake so shi ne kada a motsa. Ma'aikaci yana kallo ta gilashi, yana jin magana.

Ba a shiga ɗakin da ƙarfe ko kaɗan. A cire ƴan kunne, da zobe, da awarwaro, da jigida, da laya, da makulli, da kuɗi, da waya. Wadda aka taɓa sa wa ƙarfe a ƙashi, ko na'urar bugun zuciya, ko abin tazarar haihuwa cikin mahaifa, ta faɗa tun a ƙofa. Likita ne zai ce ko za a yi.

IRM tana da tsada, kuma sai a manyan asibitoci ƙalilan, kamar a Yamai. Ba kowace mai ƙari ce ke bukatarta ba. In likita bai rubuta ba, kada a ce ya yi ƙwauro. In ya rubuta kuma, da dalili.

8. Biyopsi: shi ke yanke hukunci

Duk hotunan nan uku suna nuna wuri, da girma, da siffa. Suna sa likita ya yi zato mai ƙarfi. Amma tabbacin cewa ƙari na daji ne ko a'a, daga gwajin tsoka yake fitowa. Sunan gwajin biyopsi.

Ana yin allurar kashe zafi a wurin. Sai a ɗebi ɗan nama kamar ƙwayar dawa. A sa shi cikin kwalba da ruwan da ke hana shi lalacewa, a rubuta suna, a aika ɗakin gwaji. A can wani likita na dabam zai yanka shi siriri, ya rina shi, ya duba a madubin ƙara girma. Shi zai ce ciwon daji ne, ko mafarinsa, ko ƙwan tsargiya, ko nama ne lafiyayye. Sakamako yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni.

Wani zai ce: to ai wannan ma yanka ne, me ya raba shi da na wanzami? Abu uku. Likita ya riga ya san abin da ke ƙarƙashin wurin. Kayansa dafaffu ne. Kuma abin da ya ɗeba ba ya zubarwa, gwada shi ake yi. Biyopsi ba ya sa ciwo ya yaɗu. Jinkiri ke sa shi yaɗuwa.

Ga ƙa'ida da likitoci ke bi. Ƙurjin da ya ƙi warkewa, da ƙari mai tauri, da tabon da ya sake launi, duk ana gwada su. Mace da ta wuce shekara 40, in jakar ruwan nan ta ƙofar farji ta fito mata sabuwa, ita ma ana gwada namanta. Ƙaramar yarinya da wani tsiro mai kama da nonon dabino ya leƙo daga gabanta, a kai ta babban asibiti ba tare da an kwana biyu ba.

A koma karɓar sakamako, ko da ciwon ya lafa. Takardar da aka bari a asibiti ba ta yi wa kowa amfani ba.

9. In an ce ciwon daji ne

Likitoci sun kasa shi mataki 4. A mataki na 1 yana nan inda ya fito. A na 2 ya taɓa maƙwabta na kusa. A na 3 ya ƙara nisa, ko ya kai kaluluwa. A na 4 ya ci zurfi ƙwarai ko ya tafi nesa. Hoto da gwaji su ke nuna mataki, mataki kuma shi ke nuna magani: fiɗa, ko gashi da haske, ko allurai, ko a haɗa.

Ku dubi abin da ƙididdigar Amurka ta nuna a kan ciwon dajin gaban mace na waje. In an gano shi bai bar wurinsa ba, fiye da mata 8 cikin 10 suna raye bayan shekara 5. In ya riga ya tafi nesa, ba su kai 3 cikin 10 ba. Ciwo ɗaya ne, lokacin zuwa ne ya bambanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A shekara ta 2007 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar kula da ciwon dajin mata kyauta a asibitocin gwamnati. A shekara ta 2021 aka buɗe sashen gashi da haske a Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji da ke Yamai. Kafin nan sai an fita waje. A tambayi ma'aikata abin da ake biya da abin da ba a biya, kuma a karɓi rasit na kowane kuɗi.

10. Yaushe za a tafi, kuma ina?

A tafi cikin mako, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- ƙullutu ko tsiro sabo, ko da ba ya zafi;
- ƙurji ko gyambo da ya wuce mako 2 bai warke ba;
- ƙaiƙayi mai daɗewa, ko fata ta yi fari, ko ja, ko baƙi;
- jini bayan saduwa, ko tsakanin haila da haila;
- jini ga macen da haila ta ɗauke mata;
- ruwa mai wari da ya ƙi jin magani;
- kaluluwa mai tauri da ba ta sauka.

A tafi a ranar, in akwai zazzaɓi da kumburi mai zafi, ko jini mai yawa, ko fitsari ya ƙi fita, ko kumburi mai tsanani bayan haihuwa.

Ana farawa daga gidan likita na kusa, wato CSI. In abin ya fi ƙarfinsu, za su ba da takardar turawa zuwa asibitin gunduma. Daga can akwai cibiyoyin lafiyar uwa da yaro na jihohi, kamar na Maraɗi, da Damagaram, da Tawa. A Yamai akwai gidan haihuwa na Isaka Gazobi, inda ake kai manyan matsalolin mata.

A riƙa haɗa takardu duka cikin leda ɗaya: katin likita, da hotuna, da sakamako, da takardun magani. Tsohon hoto yana da daraja, domin da shi ake gane ko ƙari ya girma. Ku da kuka koyi rubutu, ku rubuta ranar da abin ya fara cikin littafinku. Ku rubuta tambayoyinku ma kafin ku shiga. Mene ne sunan ciwon? Wane gwaji ya rage? Yaushe zan komo? Mace mai ɗauke da ƙwayar sida ta riƙa zuwa ana duba ta ko ba ta jin komi, domin HPV ta fi yi mata saurin ɓarna.

11. Magana ga maza

Maigida, yawanci a hannunka izini yake, a hannunka kuɗin mota yake. In iyalinka ta ce akwai abin da ke damunta, ka sani ta daɗe tana juya maganar kafin ta furta. Kada ka zarge ta. Mafi yawan cututtukan nan ba su da alaƙa da lalata. HPV ɗin ma tana iya zama cikin jiki shekaru ba a sani ba, kuma namiji ma yana ɗauke da ita.

Kada a ce a bari sai kaka. Daga shuka zuwa girbi wata 3 ne ko 4, kuma ƙari ba ya jiran gero ya nuna. Akuya ɗaya a yau ta fi sa biyu a baɗi. Ƙungiyoyin mata masu adashi su ma su ware wani abu domin irin wannan tafiya. Uwar miji, da kishiya, da ungozomar gari, ku zama masu rakiya. Kada ku zama masu kiran wanzami.

Abin riƙewa

1. Ƙari iri-iri ne, mafi yawa ba na daji ba ne.
2. Eko yana nuna ruwa ne ko tsoka. Sikana tana duba nesa. IRM tana nuna zurfi.
3. Biyopsi shi ke faɗin sunan ciwo.
4. Babu aska, babu kanwa, babu matsa.
5. Zuwa da wuri shi ne rabin magani.

Tambayoyin tattaunawa a aji

1. Waɗanne maƙwabta biyu ne ke manne da farji?
2. Me ya sa ake shan ruwa kafin ekon mara?
3. Faɗi abubuwa 4 da ake cirewa kafin a shiga ɗakin IRM.
4. Me ya raba biyopsi da yankan wanzami?
5. Daga garinku zuwa asibitin da ke da eko kilomita nawa ne, kuma nawa ne kuɗin mota? Ku rubuta amsar a allo, kowa ya kwafa.

Malaman ajin mata, ku karanta wannan darasi sau biyu, a hankali. In da hali, ku gayyato ungozomar CSI ta zo ta amsa tambayoyi. Wadda ta karanta kuma ta karanta wa wadda ba ta iya ba tukuna. Mu kwana nan, sai fitowa ta gaba. Allah ya ba mu lafiya.